Harawar Kaltume

A shekara ta uku da fara yaƙin Turawa na biyu, akwai wata mata a tungarmu, tsakanin Bodinga da Shagari, ana ce mata Kaltume. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta biyu mata suna gidajen aurensu can wajen Horo Birni. Ƙanen mijin, wanda ke zaune a Kajiji, ya aiko sau uku ta koma gidansa ya riƙe ta. Sau uku tana mayar da ɗan aiken da gaisuwa. Ta ce muddin tana iya ɗaga lauje ba za ta zauna jiran a miƙo mata tuwo ba.

Abin da ke riƙe da ita kiwon 'yan awaki ne. Da kaka takan je kasuwar Shagari ta sayi 'yan bunsuraye da aka yaye, masu araha, waɗanda kowa ke wucewa. Ta sa a dandaƙe su su zama tauraye, ta ɗaure su a garke ta ciyar da su duk tsawon rani. Idan ruwan farko ya sauka sai ta kai su ga mahauta, ta sayi geron da zai kai ta wata kakar. Shekara goma sha ɗaya tana haka. In tauraye suka yi nama, Kaltume ta ci damina a ɗakinta. In suka tsumbure, sai Kajiji.

Sirrinta bai wuce harawa ba, kuma ba ta ɓoye shi ga kowa, ƙyuya ce kawai ke hana mutane bi. Mu nan mukan bar wake a gona har ya gama zuba 'ya'ya, sannan mu tuna da yaɗonsa, lokacin ganye ya riga ya kaɗe. Ita kuwa tsinka biyu take yi ta haƙura da na uku, ta yanke yaɗon yana kore shar. Ta shanya shi kwana biyu, ta nannaɗe shi da sassafe yana da laushin raɓa, ta ɗaure dami-dami. Haka take yi wa ganyen gujiya. Sannan a ɗora mata su can bisa rassan ƙiryar da ke bayan dangarta, inda gara ba ta kaiwa, bisashe ba su kaiwa. Duk amfanin harawa yana ga ganye. Karan, cikon ciki ne kawai.

A shekarar da nake faɗi tana da tauraye bakwai da dami ashirin da huɗu. Dami guda yana yi musu kwana bakwai in an haɗa da ɗan dusa da 'ya'yan gawo. Ta auna abinta daidai har faɗuwar ruwa, babu rarar ko ƙulli.

To, a lokacin akwai wani Bature mai duba noma da ya kafa gonar gwaji kusa da Bodinga. Mun sa masa suna Mai Igiya, don ba ya ganin gona bai auna ta ba. Ya kawo bijimai takwas na huɗa, wai zai nuna mana yadda ake noma da garma. Leburorinsa suka tara wa bijiman ciyawa da harawa, suka jibge a ƙasa, babu ko itace a ƙarƙashi. Kafin sanyi ya shiga sosai gara ta cinye. Shi ne aka fitar da umurni cewa duk gidan da ke da harawa a tungayen kewaye ya ba da rabi.

Wanda ya kawo mana umurnin malamin gona ne, Ɗanmalam, ɗan Sifawa. Ubansa manomi ne, mun san shi. An kai yaron makarantar Turawa, ya dawo da gajeren wando da fensir a bayan kunne. Ya sauka ƙofar mai garinmu Attahiru, aka bi gida-gida. Kowa ya yi gunaguni ya ba da, don yawancinmu abin da muke da shi kara ne, ba mu ji zafinsa ba. Da suka iso bayan dangar Kaltume, Ɗanmalam ya ɗaga kai ya ga ƙirya ta yi nauyi da damma koraye, har ya cire fensir daga kunne.

Kaltume ta fito da ƙwaryar dusa a hannu. Ta durƙusa ta gaida mai gari yadda ya kamata, ta dubi Ɗanmalam ta ce, "Sannu da rana, ɗana. Ƙaƙa tsohonka?"

"Shina lahiya, Inna. Dami nawa na bisa iccen ga?"

"Na bisashena na."

"Awo, na sani. Nawa na?"

"Kai da kay yi karatu, ƙidaya mana."

Ya ƙidaya, ya ce ashirin da huɗu, ya ce goma sha biyu na gonar gwaji ne.

Kaltume ta aje ƙwarya. Ta ce, "Na ji labari. Kun zuba harawa ƙasa kamar marasa uwaye, gara ta canye. To ni na aiki garar? Ko dangina ta?"

Attahiru ya yi gyaran murya. Mutum ne mai son a rabu lafiya, rawaninsa kuma bai daɗe a kansa ba. Ya ce, "Kaltume, yi haƙuri. Kowa ya ba da. Ni kaina na ba da."

"Ranka shi daɗe, kai kara kab ba da. Na gane shi bisa jaki, ko tunkiya makauniya ba ta sunsuna tai. Ni waken bakina nib bari don in samu ganyen ga. Ba ni badawa."

Ɗanmalam ya ce, "Inna, umurnin Bature na."

"To shi zo da bakinai."

"Bature ba shi zuwa wurin kowa. Sai dai ke ki tai."

Ya faɗi haka ne don ya tsorata ta, don a zamanin nan babu talakan da ke neman ganin Bature da ƙafarsa. Kaltume ta ce, "Gobe da hantsi ina Bodinga." Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige.

Washegari tana idar da sallar asuba ta kwance taure guda, ja, matsakaici a cikinsu, ta sa masa igiya ta kama hanya. Attahiru ya bi ta a baya bisa jakinsa yana salati, don ya san in abin ya ɓaci shi za a fara tambaya.

Suka tarar da Mai Igiya a ƙarƙashin rumfa, ga tebur, ga bijiman can a ɗaure ƙashin baya ya fara fitowa. Ɗanmalam ne tafinta. Baturen ya ga taure sai ya taso da murna. Ya shafa bayansa, ya ja fatar wuya ya saki, ya duba ko da tabon ƙaya. Ya yi magana.

Ɗanmalam ya ce, "Ya ce hwata mai kyau ta. Irin wadda aka so can ƙasassu."

Kaltume ta ce, "Hwaɗa mai ba hwata niz zo gwada mai ba. Shi ɗaga shi."

Baturen ya yi dariya ya sa hannu biyu ya ɗaga. Dariyar ta ragu kaɗan, don abin ya fi yadda ya zata. Kaltume ta waiga. Akwai 'yan awakin gari da ke yawo a gefen shingen gonar suna tsintar ƙaya. Ta yi wuf ta cafke guda a ƙafar baya, ta jawo shi yana kuka. Ta buɗe bakinsa, ta buɗe na taurenta, ta nuna haƙora.

"Ga su nan, haƙoran nono na dukansu, haihuwad damina guda. Shi ɗaga wanga kuma."

Ya ɗaga shi da hannu ɗaya.

Daga nan ta yi magana mai tsawo. Ta ce ɗan akuya da aka yaye, ranin farko ne ke yanke masa hukunci. In ya samu ganyen wake da na gujiya a watannin nan ƙashinsa zai buɗe, nama ya hau. In ya rasa, ba zai mutu ba, amma ya tsumbure ke nan, ko daga baya an ba shi gona guda ya cinye ba ya kamo ɗan'uwansa. Ta ce bijimi babba ne, ya gama girma, in ya rame da rani zai mayar da damina. Ta ce a kai su fadama su ci burgu mana, kamar shanun kowa. Ta ce wanda ya zuba harawa a ƙasa shi ya kamata a aika fadama yankan ciyawa, ba a bi tsofaffi ana sauke musu itace ba.

Ɗanmalam ya juya ya yi wa Baturen 'yan kalmomi, bai fi numfashi biyu ba.

Kaltume ta ce, "Ɗana, maganata ta shiga bakinka da girma ta hito ƙarama. Ina sauran?"

Attahiru ya ce, "Kaltume, don Allah."

"Ranka shi daɗe, ba da kai nika ba."

Baturen ya tambayi me ta ce. Ɗanmalam ya ƙara masa kaɗan, yana zufa. Mai Igiya ya koma ya zauna. Bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi ƙona mata rai. Ya yi bayani a hankali kamar mai koya wa yaro. Akuya, in ji shi, dabba ce mai ciyar da kanta, tana cin ƙaya, tana cin tsumma, kuma fatarta ɗaya ce ko ta yi ƙiba ko ba ta yi ba. Bijimai kuwa za su nome gona goma, a samu gujiya mai yawa, ana bukatarta saboda yaƙi. Dami goma sha biyu, su iso kafin faɗuwar rana jibi.

Kaltume ta ce, "Hwaɗa mai shi hwata shika sawa ga ƙahwa, ni nama nika saidawa in ci tuwo." Ba ta jira a fassara ba, ta ja taurenta ta fita. Ba ta durƙusa ba. Attahiru ya durƙusa sau biyu, nasa da nata.

Ran da aka sa, Ɗanmalam ya iso tungarmu rana tsaka, da ɗan doka guda da jakai shida. Mai korar jakan Ɗantani ne, mutumin garinmu, taubashin Kaltume, wanda tun suna yara ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. An tilasta masa aikin ne shi da jakansa. Tun daga nesa ya fara.

"Ina tsohuwar da tat tai Bodinga ta kori Bature? Na ji an ce har ya haɗa kaya!"

"Rufe min baki, bawan jakai. Kai da su ban san wa ka koran wani ba."

Mutane suka taru a bayan danga. Rana ta take, iska busasshiya, ko ganyen ƙirya ba ya motsi. Kaltume ta dubi sama, ta dubi damman, ta dubi Ɗanmalam. Abin da ta faɗa masa gaskiya ce, kuma na tabbata da zuciya ɗaya ta faɗa, don mace ce da ba ta iya kallon ɓarna ko a kayan maƙiyinta.

Ta ce, "Ɗana, tunda kun rantse sai kun ɗauka, ku kwana nan. Harawa ba a taɓa ta da rana tsaka. Da swahe a yayyahwa mata ruwa ta yi laushi, sannan a sauke. Ubanka ya san haka."

Ɗanmalam ma ya san haka. Amma an ce masa kafin faɗuwar rana, ga ɗan doka tsaye yana ji, ga gari ya zuba ido a ga ko tsohuwar da ta ƙi durƙusa wa Bature za ta juya malamin gona. Ya ce, "In kwana, ki kwashe su ki ɓoye? Na san wayonki, Inna. Ɗantani, hau."

Kaltume ta ce, "To." Ta shiga gida ta fito da tabarmi uku. Ta koma ta fito da zannuwanta, har da na zuwa biki. Maƙwabciyarta Jummai ta gane, ta ruga ta kawo tabarmi huɗu da buzun mijinta. Suka shimfiɗe ƙarƙashin ƙirya kaf, babu inda ƙasa ke leƙe.

Ɗanmalam ya ce, "Wanga hwa na mi na?"

"Abincin bijiman Bature na. A bari shi taɓa ƙasa?"

Ɗantani ya hau. Ya kwance damin farko, ya riƙe shi, ya leƙo ƙasa ya ga shimfiɗa, ya ga taubashiyarsa ta kafe shi da ido. Bai miƙo damin a hankali ba. Ya sake shi daga can sama. Damin ya faɗo tim, ganye ya tashi ya zube kamar an zazzage buhu.

"Kai, a hankali!" in ji Ɗanmalam.

"Malam, kunama! Na ga wutsiyatta. Harawad da tak kwana bisa icce ba ta rasa kunama."

Ya sauko, ya ɗauki damin ya buga da ƙasa sau uku, ya juya ya ƙara bugawa. Ya ce shi ba zai ɗora wa jakinsa kunama ba, in ta harbi jaki wa zai kai kayan Bodinga? Ɗan doka da ya ji zancen kunama ya ja da baya, ya ce a kakkaɓe da kyau. Haka aka yi wa dami na biyu, da na uku, har goma sha biyu. Sannan Ɗantani ya sa igiya ya ɗaure su bibbiyu a kan jakai, ya sa ƙafa ya ja igiyar iya ƙarfinsa, kuma a kan tabarmin ya tsayar da kowane jaki. Abin da ya rage na ganye ya ruguje ya zubo ta ƙarƙashin cikinsu.

Da aka gama, abin da ke kan jakai kara ne fari, mai nannaɗe kamar sheƙar tsuntsu. Abin da ke kan tabarmi kuwa tudu ne kore, ƙamshinsa har ya sa tauraye kuka a garke. Babu wanda ya yi dariya a fili. Attahiru ya dubi yamma kamar mai neman wata.

Ɗanmalam ya tsaya yana kallon jakai, yana kallon tabarmi. Ya ce, "A tattara wanga ma a ɗora."

Kaltume ta taka a hankali ta hau tsakiyar tudun ganyen, ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta gyara kallabinta.

"Goma sha biyu anka ce maka, ga su can bisa jakai, ƙidaya. Na hwaɗa maka ka bari sai swahe, gaban jama'a, ka ƙiya. Wanga da yaz zuba bisa zanena, sai ka ɗauke ni tare da shi. Zo, ɗana. Ban da nauyi."

Ɗanmalam ya dubi ɗan doka. Ɗan doka ya ce shi an aiko shi rakiyar dami ne, ba ɗaukar tsohuwa ba, kuma rana na yi. Jummai ta zo ta zauna kusa da Kaltume. Wata ma ta zo. Ɗantani ya ce, "Malam, in ka ɗauke ta kada ka ɗora min ita, jakina ba shi ɗaukar abin da ya hi kunama dahi."

"Allah shi haɗa ka da wadda ta hi ni," in ji Kaltume.

Ɗanmalam ya ciro takarda ya rubuta abin da ya rubuta. Ya mayar da fensir kunne, ya juya ba sallama. Jakai suka bi shi, karan na kaɗawa a bayansu. Abin da ya tarar a Bodinga bai dawo ya faɗa mana ba. Mun dai ji an kai bijiman fadama kafin wata ya ƙare.

Sai da suka ɓace sannan Kaltume ta tashi. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi wa kowa godiya mai tsawo ba. Ta kawo faifai ta sheƙe ganyen daga tsakuwa, ta auna da ƙwarya tana zubawa a tulunan da ba su riƙe ruwa, tana toshe bakinsu da tsumma. Wani ya bi iska, wani ya zama gari ya shige saƙar tabarma, wani ya tafi maƙale a jikin kara. Da ta gama ta zauna ta lissafa da yatsu, ta haɗa da dami goma sha biyun da suka rage a sama. Ta sake lissafawa. Jummai ta ce, "Ya kai?"

"Ya kai shidda."

"A rage musu kaɗan-kaɗan mana, su bakwai su raba."

"In raba in tsumburar da bakwai? A'a."

Ta shiga garke ta daɗe tana shafa bayansu ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da mafi ƙanƙanta, wani mai farin goshi da ya fi kowa sabo da ita. Ta aika aka kira liman ya yanka. Ta kai wa liman wuya, ta kai wa Jummai cinya, ta aika wa Ɗantani kai da ƙafafu, ta ce a gaya masa su suka dace da shi.

A al'adarmu duk wanda ya yi yanka yakan aika wa mai gari nasa kason. Attahiru ya jira har la'asar sakaliya bai ga ƙwarya ba. Ya taso da kansa, wai ya zo jaje. Kaltume ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ranka shi daɗe, ta kawo masa ruwa mai sanyi a sabuwar ƙwarya. Ƙamshin suya na fitowa ta kan danga. Ya yi zancen zafin rana, ta amsa. Ya yi zancen wuyar riƙon jama'a a wannan zamani, ta ce Allah shi taimaka. Ya sha ruwa, ya ƙara sha. Da aka kira magariba ya tashi ya kaɗe rigarsa, ta raka shi taku uku ta dawo.

Tauraye shidan sun kai faɗuwar ruwa. Mahaucin Shagari ya ɗaga na farko, ya aje, ya tofa yawu a tafinsa ya sake ɗagawa, ya saye su duka a tsaye. Ɗantani ne ya ɗauko mata geron a jakansa, suna zagin juna tun daga kasuwa har ƙofar rumbunta.